Igiyar Ɗakin Inna

Sana'ata awon rufi. Idan mutum ya gama ɗaga gininsa a Gummi ko Anka ko Bukkuyum, ni ake kira in hau bango da tef da ɗan littafina, in auna, in sauko in gaya masa kwano falle nawa ginin zai ci, kowane falle tsawonsa nawa, katako nawa za a sayo. Ba na riƙe guduma. Kafintoci sukan yi min tsiya, wai ni kaɗai ne ma'aikacin da yake komawa gida da farar riga, ni kuma in ce musu idan na yi kuskuren inci biyu, gudumominsu gaba ɗaya ba za su gyara shi ba. Dariya suke yi idan na faɗi haka. Ni ba na dariya, domin na taɓa yin kuskuren, kuma ba a gidan baƙo na yi shi ba.

A hannun wani mutumin kudu na koyi aikin, Kirista, mai shagon kayan gini a Gummi, wanda ya daɗe a garin har Hausarsa ta fi ta wasu 'ya'yan gari daɗin ji. Oga muke ce masa. Mutum ne mai sanyin hali, ban taɓa jin ya ɗaga murya ba, amma doka ɗaya ya kafa min tun ranar da na fara binsa. Ya ce idan wani ya ba ni awo, kada in ƙara, kada in rage, sai na tambayi wanda ya auna dalilinsa, domin ya tsaya a wurin ya ga abin da ni ban gani ba. Na ce to. A lokacin ina ganin ai wannan doka ta masu ƙaramin kai ce, ni kuwa Allah ya ba ni kan lissafi.

Na daɗe a cikin aikin kafin sabon kwanon nan ya shigo mana, wanda muke ce wa mai ɗinki. Ba falle-falle yake zuwa ba kamar na da. A naɗe yake zuwa kamar tabarma, a sa shi a inji, injin ya fitar da shi daidai tsawon da ka faɗa, daga doron rufi har bakinsa, babu haɗi a tsakani. Gefen kowane falle a tsaye yake kamar faɗin yatsu biyu. Wasu 'yan ƙarafa ne suke riƙe shi a jikin katako ta ƙarƙashi, sai a kifa gefen falle na gaba a kai, a bi da wani babban awartaki a kalmashe su tare tun daga sama har ƙasa. Ƙusa ba ta huda bayansa ko guda ɗaya, shi ya sa ruwa ba ya samun inda zai bi. Aibinsa ɗaya: ba ya yafiya. Tsohon kwano idan ya gaza sai ka ɗora wani a kai ka ja shi, babu wanda zai sani. Wannan kuwa idan an yanka, an yanka. Saboda haka masu awo irina muka ƙara daraja, ni kuma kaina ya ƙara girma.

Babana magini ne, amma na ƙasa, a ƙauyenmu da ke tsakanin Zugu da Adabka. Bai san inci ba, bai san mita ba. Da hannunsa yake awo, kamu daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa, dani daga babban yatsa zuwa na tsakiya. Yana da wata al'ada da ban ga wani magini da ita ba. Duk ɗakin da ya gina aka yi masa rufin kwano, sai ya tufka igiyar rama guda biyu, ɗaya tsawon ɗakin, ɗaya gangaren rufin, ya ƙulla ƙulli a inda ya dace, ya miƙa wa mai ɗakin ya ce ya adana, ko bayan ransa duk wanda zai sake rufin ya bi igiyar. Mutane da yawa sun ɗaure akuya da tasu. Inna, mahaifiyata, ta adana tata a ƙasan adakarta, a cikin wani tsumma.

Ɗakin Inna shi ne ginin Baba na ƙarshe kafin ciwon baya ya kwantar da shi. Shi ya kwaɓa ƙasar, shi ya yi tubalin, shi ya yi yaɓen, har sawun yatsunsa yana nan a bangon ciki, layi-layi, inda ya shafa ƙasar tana ɗanya. Bayan ya rasu Inna ta ci gaba da zama a ɗakin, ƙanin Baba da muke kira Baffa yana ɗaya sashen gidan da iyalinsa. Da mutanen daji suka fara addabar yankinmu, gidaje suka riƙa zama kango, na je na durƙusa a gabanta ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, ina roƙonta ta dawo wurina Gummi. Ranar da na matsa mata sosai sai ta dube ni ta ce, "Ɗakin ga tsohonku yag gina shi. In na tahi, wa ka share shi? Ran da yah hwaɗi, zo ka kwashe ni." Daga ranar na daina roƙo. Na gane cewa muddin ɗakin yana tsaye Inna tana da gida da aikin yi da dalilin tashi da safe, kuma ban san abin da zai rage mata ba idan babu shi.

Bangon lafiyarsa lau, rufin ne ya gaji. Kowace ƙusa ta yi tsatsa ta faɗaɗa raminta. Wata damina na je gaishe ta, ruwan azahar ya tare ni a ɗakin, na zauna ina kallonta tana zagaye da tasoshi da robobi, tana tura wannan da ƙafa, tana juye waccan a bakin ƙofa. Ta san inda kowane ɗigo yake sauka, ko kallon sama ba ta yi. Ɗaya ya sauka a kan hulata. Ta yi dariya ta ce, "Injiniya, ga aikin gidanku nan yana gaishe ka." Haka take kirana idan tana son tsokana, ta san sarai ban yi karatun injiniya ba. Na yi dariya tare da ita amma kunya ta kama ni har wuya. Kwana biyu kafin nan na sauko daga kan ginin wani mai hali a Anka, ɗakuna birjik da babu mai kwana a cikinsu, na auna masa rufin da ruwa ba zai taɓa shiga ba. Na ce, "Inna, kafin wata damina zan sa miki kwanon da ba shi da ƙusa." Ta ce, "Kwano babu ƙusa? To da addu'a za a riƙe shi?"

Da aka gama aikin nan na Anka sai ragowar naɗin kwano ta saura, kore, mai kauri. Oga ya ce in ɗauka in cika alkawarin tsohuwa. Ya kamata in hau babur in je in auna da hannuna, amma a watannin nan hanyar ba ta da daɗi, kullum da labarin da za ka ji. Na kira wayar Baffa, ya hau tudun bayan makarantar firamare inda ake samun sabis, ya miƙa wa Inna. Ta ce kada in wahalar da kaina, ai igiyar tana nan. Ranar kasuwa ta ba wani ɗan kabu-kabu ya kawo min, a cikin tsumman nata, tare da ƙullin daddawa da garin kuka.

Na shimfiɗa igiyoyin a simintin shago na ɗora musu tef. Ta tsawon ɗakin ba ta da wata magana. Ta gangaren rufin ce take da ƙulli biyu. Na fari na gane shi nan take, inda kwano yake sauka a kan bango ke nan. Na biyu yana can gaba, inda kwanon yake ƙarewa, kuma tsakaninsu kamu biyu cur. Na yi murmushi. A gine-ginen bulo da muke yi a gari, kamu ɗaya muke bari kwano ya zarce bango, wani lokaci ma bai kai ba. Na ce a raina ai abin a fili yake, tsohon kwano da tsawonsa yake zuwa daga kanti, Baba ba shi da abin yanka shi, sai ya bar rarar tana reto, ya ƙulla mata ƙulli. Na ƙara da cewa dogon baki iska yake kamawa. Na kuma lissafa na ga idan na bi ƙulli na biyu naɗin ba zai kai ba, falle biyu za su gaza, sai na jira an samo wani mai launi ɗaya, ga bazara ta kusa. Hujjoji uku ke nan, kowace da ƙafarta. Ban taɓa rasa hujja ba idan ina son yin abu.

Oga ya zo wucewa ya ga na sa alli a tsakiyar ƙullin biyu. Ya tsaya ya ce, "Ka tambayi mai awon?" Na ce mai awon yana kabari. Ya ce, "Mai ajiyar fa?" Don in sallame shi na sake kiran ƙauye. Sabis yana yankewa, muryar Inna tana zuwa tana tafiya, amma na ji ta sarai. Ta ce, "Ka bi har ƙulli na biyu. Hakanan tsohonku yac ce." Na ce, "Inna, wannan aikina ne, shi nake ci shi nake sha. Ki bar min." Sai ta ce, "To, Injiniya." Ban tambaye ta dalili ba. Na kashe wayar na rubuta awon, ƙulli na fari da kamu ɗaya, na aika Gusau inda injin yake.

Mota ta kawo kwanon Bukkuyum, daga nan amalanken shanu ya ɗauka, don babu babur ɗin da zai iya da tsawonsa. Hanya ta ɗan lafa a makon, na bi shi da kafintoci biyu. Zafin bazara ya kai inda ya kai, hadari ya fara leƙowa ta gabas yana komawa. Muka ɓamɓare tsohon kwanon, Inna ta sa aka jingine shi a bayan rumbu. Azarorin da Baba ya sa suna nan garau, ko gara ba ta taɓa su ba, sai dai sun zarce bango da kamu biyu, sabon kwanon kuma ba zai rufe su ba. Na ce a yanke rarar. Baffa yana zaune a gindin darbejiya yana jin ƙarar zarto, ya taso ya ce, "Kai, hancin azaran ga kuka yankewa?" Na yi masa bayanin iska da bayanin gine-ginen gari, na haɗa da 'yan kalmomin Turanci biyu. Ya gyaɗa kai ya koma ya zauna. Guntayen azaran a murhu suka ƙare.

Kwana biyu muka yi. Ƙauyen ya taru kallon kwanon da babu ƙusa, har wani dattijo ya sa aka riƙe masa tsani ya hau ya shafa da hannunsa. Gaskiya ya yi kyau. Layukan sun miƙe tsaf daga sama har ƙasa, koren yana ɗaukar ido, babu irinsa daga nan har Adabka. Mata suna ta yi wa Inna barka, suna cewa ta haifi ɗa. Ita kuwa ta zagaya ɗakin a hankali, ta tsaya a bangon gabas. Hantsi ne, rana tana dukan bangon har kusan sama, kuma ana ganin shaida a jikinsa, inda inuwar tsohon rufin take tsayawa tun da aka gina shi. Ta ɗora tafin hannunta a wurin. Ta ce, ba da ƙarfi ba, "An tuɓe mai riga." Na ji, na ce bayan salla zan dawo in shafe bangon da siminti, ya fi kowace riga. Ta sa min albarka doguwa, ta cika min jaka da gyaɗa.

Ruwan farko da aka yi, ita da kanta ta sa Baffa ya hau tudu ya kira ni. Ta ce ko ɗigo bai shigo ba, tasoshi sun koma madafi aikinsu, ita kuma ta zauna a tsakar ɗaki ta rasa abin yi da ƙafarta. Na yi farin ciki ranar irin wanda ban taɓa yi ba a kan wani aiki. Duk wanda ya shigo shago sai na ba shi labari, har Oga ya ce in bar masu saye su saya.

Abin da Baba ya sani ni na manta shi ne, a ƙasarmu ruwa ba daga sama kawai yake zuwa ba. Daga gabas yake zuwa, a karkace, iska tana kora shi. Bulo da siminti ba su damu ba, su jiƙe su bushe. Bangon ƙasa kuwa duk ruwan da ya taɓa shi sai ya tafi da wani abu. Kamu biyun nan su ne suke tare saman bango daga dukan ruwa, su kuma jefa abin da ya gangaro daga rufi can nesa da gindinsa. Ni na matso da shi kusa. Ga sabon kwano da santsi, ba ya riƙe ruwa ko kaɗan, duk abin da ya sauka a kansa yana zubowa ne da ƙarfi a layi ɗaya, ya haƙa rami a gindin bangon, ya fantsama a jikinsa. A cikin ɗaki a bushe, a waje ana cin bango ta sama da ta ƙasa. Na girma ina ganin Baba yana zagaya ɗakunan mutane bayan kowane ruwa yana duba bangon gabas. Ban taɓa tambayar kaina me yake nema ba.

Damina ta yi nisa Baffa ya kira ya ce, "Bangon ga na ci, ya kamata ka zaka." Na ce ina nan tafe. Na ware siminti buhu uku a shago na rubuta sunana a jiki. Sai dawa ta yi tsawo a gefen hanya, aka fara tare mutane, 'yan kabu-kabu suka rage zuwa. Salla ta zo ta wuce. Kowane mako in ce mako mai zuwa. Ba zan yi wa kaina ado ba, tsoro ne ya hana ni. Ina da mata da 'ya'ya huɗu, na riƙa faɗa wa kaina haka, kuma gaskiya ne, amma ita ma tsohuwar da ke can uwata ce. Daga baya Baffa ya ba ni labarin abin da ta riƙa yi. Ta jingina zana a jikin bangon iska ta kwashe. Ta jera duwatsu a gindinsa. Ta ɗauki fartanya ta ja wa ruwan hanya. Duk ranar da aka samu rana sai ta kwaɓa ƙasa a tsohuwar tasa ta yaɓa inda ya zaizaye, iya inda hannunta ya kai, mace mai shekara saba'in da wani abu. A waya kuwa ba ta taɓa ce min komai ba sai lafiya lau, ya yara.

A tsakiyar watan Agusta aka yi kwana uku ana ruwa ba ƙaƙƙautawa. Ranar ta uku da la'asar Inna tana madafin matar Baffa suna tsintar wake, sai suka ji wani sauti mai nauyi, ba mai ƙara sosai ba. Bangon gabas ne ya zauna. Allah ya tsare, babu kowa a ciki. Washegari da safe wayata ta yi ƙara, na ɗauka na ji muryarta, a natse, kamar za ta aike ni kasuwa. Ta ce, "Injiniya, ya hwaɗi. Zo ka kwashe ni."

A ranar na tafi. Hanyar da na yi wata biyu ina jin tsoronta na bi ta cikin awa uku, taɓo ne kawai ya ɓata min wando, ko kare bai tare ni ba. Wannan ya fi komai ci min rai, har yau. Na sami rufin bai karye ba, bai tsage ba, ɗinkinsa ko ɗaya bai buɗe ba. Ya durƙusa ne ta gabas, bakinsa ya taɓa ƙasa, sauran bango uku suna riƙe da shi, ruwa ya wanke shi yana ta ƙyalli. Na sunkuya na shiga ta ƙarƙashi na fito da adakarta da tabarmi da buta. Gadon ya karye a ƙarƙashin ƙasa. Bangon da yake da sawun yatsun Baba shi ne wanda ya faɗi, ya koma taɓo. Na ce mata zan sake gina shi, da bulo, wanda ba zai taɓa faɗuwa ba. Ta ce, "Ka gina ma wa? Wanda yag gina wanga ba shi nan." Ta shiga sashen Baffa ta yi sallama da kowa, ta ba matarsa kajinta da tsintsiyarta, ta hau bayan babur ba ta waiwaya ba. Ni ne na riƙa waiwaye.

A Gummi matata ta riƙe ta da kyau, ba ni da abin cewa. Muka ba ta ɗaki mai tayil da silin da fanka. Ta gode. Amma babu abin sharewa a ɗakin da yara ba su riga ta sharewa ba, babu kaji, babu maƙwabciyar da ta san mijinta. Idan ana ruwa silin yana shanye ƙarar, sai ta jawo kujera bakin ƙofa ta zauna tana kallo. Ta daina kirana Injiniya. Na jira tsokanar nan wata da watanni, ba ta zo ba. Abinci ta riƙa ragewa kaɗan-kaɗan, muka kai ta asibiti aka ce ba a ga wani ciwo ba, jiki ne na manya.

Wata ranar Juma'a bayan na dawo masallaci na same ta ita kaɗai a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa. Na ɗauko igiyar na zauna a gefen tabarmarta. Na ce, "Inna, ni na rage awon. Kamu ɗaya na cire. Ni na kayar da ɗakin." Ba ta daina ɓara ba. Ta ce, "Na sani. Tun ran da kunka sauke kwanon daga amalanke na ga bai kai ba." Na ce to me ya hana ta magana, a lokacin ba a yanke azara ba, da an tsaya. Ta ce, "Na yi magana sau guda, ga waya. Rannan kau gari ya taru kallon aikin ɗana. In tashi gaban mutane in ce bai iya ba?" Ta karɓi igiyar ta lalubo ƙullin da yatsunta. Ta ce Baba ya gaya mata ranar da ya ba ta, ƙulli na fari na mai ɗaki ne, na biyu na bango ne, kada ta yarda a hana bango nasa. Da na tambaya a waya, da ta faɗa min, magana ce ta numfashi ɗaya. Na roƙe ta gafara, ta ce ta yafe tun kafin bangon ya kai ƙasa, in tashi in wanke fuska kada yara su gan ni haka. Ta miƙo min igiyar ta ce in riƙe, ita ba ta da ɗakin da za a auna.

Ba ta ga wata damina ba. Da bazara ta rasu, da hantsi, bayan kwana huɗu tana kwance. Matan da suka yi mata wanka suka auna ta da karan dawa kamar yadda ake yi, suka miƙo karan ta bakin ƙofa, ni na karɓa na kai maƙabarta. Dattijon da ke jagorantar masu haƙa ya san ni, ya san sana'ata. Ya shimfiɗa karan a ƙasa, ya ɗago ya ce, "Mai awo, ko za ka duba?" Tef ɗina yana aljihu, ban san ma na fito da shi daga gida ba. Na ce ya bi karan yadda matan suka ba da shi, kada ya rage komai.

Igiyar tana cikin jakar aikina yanzu, tare da tef da littafi. Idan aka kira ni awon gidan ƙasa, kamu biyu nake rubutawa, mai gida ya yi ta ƙorafin kwano ya yi yawa, in bar shi ya gama. Buhunan simintin nan uku sun daskare a shago, Oga ya sa aka yi dakali da su. Ban sake komawa ƙauye ba sai sau ɗaya. Rufin yana nan yadda na bar shi, a durƙushe, kore shar, ba tsatsa ba lanƙwasa. Baffa ya tokare shi da itace biyu ya mayar da wurin garken awaki. Mutumin kirki ne, bai san yana min ciwo ba. Duk damina idan ya hau tudu muka gaisa sai ya yaba min aikin, ya ce awakin suna kwana a bushe, ko ɗigo ba ya zuba.